Guga: a tara a yi rana ɗaya, ko kullum a goge na sawa?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan guga. Gida ne na mutum bakwai, huɗu 'yan makaranta, wuta kuma ba ta da lokaci, yau a kawo da tsakar dare, gobe a wuni ba a gan ta ba. Wanne ya fi: a tara kayan mako a goge rana ɗaya, ko kullum da safe a goge wanda za a sa? Sannan shaddodin maigida suna dusashewa, yadinsa mai duhu kuma yana fitar da wani ƙyalli a kan ɗinki da bakin aljihu. Hijaban yara sau biyu suna mannewa a dutse. Wai ma dole ne sai an goge komai? Wasu na cewa kayan zaman gida da zanin gado ɓata lokaci ne, wasu na cewa barin su ƙazanta ne. In kuma za a sayi sabon dutse, na gawayi ko na lantarki?

Baba Mai Wanki:

Wa alaikumus salam. Maman Sadik, a tara a yi rana ɗaya, amma rabin aikin ana gama shi ne tun a wurin shanya, kuma nan mafi yawan gidaje ke jawo wa kansu wahala. Rigar da aka murɗe kamar igiya wajen matsewa, aka jefa a kan igiya a dunƙule, ta wuni a rana har ta bushe ƙayau, sannan aka cusa ta a kwando, sai ta ci ninkin lokacin guga. A matse a hankali, a kama kafaɗu a kaɗa ta da ƙarfi sau uku ko huɗu, a ja ɗinkin gefe da kwala da bakin hannu su miƙe tun tana jiƙe. Riga a rataya ta a hanga, wando a maƙale shi ta ƙafa, ƙugu yana ƙasa, nauyinsa zai ja shi ya miƙe. Da an kwashe a ninke nan take.

Kayan auduga ba sa goguwa sai da danshi. Ruwa ne ke sassauta zaren, nauyin dutse ya kwantar da shi, zafi ya busar da shi a yadda ya kwanta. In babu danshi, ko an danna da ƙarfin tsiya, yamutsewar na nan, sai dai a ƙona. Don haka ko a kwashe kayan da sauran ɗan sanyi a jikinsu, ko a yayyafa musu ruwa, a nannaɗe kowanne, a jera a babbar leda ko a rufe da zani na kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, danshin ya ratsa ko'ina. Fesa ruwa a goge nan take bai kai wannan ba, domin ruwan a sama yake tsayawa. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da komai cikin ƙanƙanin lokaci, wannan nannaɗewar ita ce maganin. Da damina kuma kada a bar su a leda su kwana, za su yi fumfuna da wari.

Hijaban da ke mannewa, matsalar jeri ce. Dutse yana ɗaukar zafi da sauri amma yana daɗewa bai huce ba. Wanda ya gama goge kaftani ya mayar da maɓallin zafi ƙasa, ya ɗora a kan hijabi nan take, dutsen yana nan da zafin kaftani. A fara da masu son wuta kaɗan, a ƙare da masu son wuta sosai. A duba 'yar takardar da ke cikin riga, akwai zanen dutsen guga da ɗigo a ciki: ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, na hijabi, mayafi, abaya da duk yadin roba, ɗigo biyu wajen 150, na ulu da yadi mai gauraye irin na yunifom, ɗigo uku wajen 200, na auduga da lilin. In an ja giciye a kan zanen, ba a goge shi sam. Kayan da tela ya ɗinka ba su da wannan takarda, sai a gwada a cikin lanƙwasar ƙasan riga, inda ba a gani.

Rigar makaranta mai kwala: a fara da bayan kwala, daga bakin nan zuwa tsakiya, daga wancan bakin ma zuwa tsakiya, don kada yadin ya taru a tsini. Sai kafaɗa, sai bakin hannu, sai hannu, sai gaba, ana bi tsakanin maɓallai da hancin dutse ba a hau kansu ba, baya a ƙarshe. Wando a juya shi a fara goge aljihu da ƙugu, a mayar da shi daidai, a haɗa ɗinkin ciki da na waje, sannan a fitar da kari. In an kuskure aka yi kari biyu, a jiƙa wurin sosai a goge shi ya baje tukuna, kafin a sake.

Abu na ƙarshe da ake rainawa: kaya masu zafi ba a ninke su, ba a kuma sa su. A bar su minti biyar a rataye su huce. Rigar da aka sa da zafinta, kafin a kai bakin titi ta koma gidan jiya. Wannan kaɗai ya isa hujjar barin gugar safe.

Tela Ɗan Fagge:

Baba ya gama magana a kan jeri, ni a kan shadda da yadi zan tsaya.

Ƙyallin da kike gani a yadi mai duhu ba datti ba ne, zaren ne ya kwanta ya yi sumul saboda zafi da danni, musamman inda yadi ya ninku biyu ko uku: bakin aljihu, kan ɗinki, gefen zif. In yadin yana da roba a ciki, saman zaren ya ɗan narke ke nan, wannan kuwa ba ya gyaruwa. In bai kai ga narkewa ba, a jiƙa farin ƙyalle da ruwa mai ɗan ruwan khal, cokali ɗaya a kofi guda, a shimfiɗa a wurin, a riƙa ɗora dutse ana ɗagawa ba tare da an danna ba, tururin zai tayar da zaren, sai a bi da buroshi mai laushi. Rigakafinsa shi ne duk yadi mai duhu a goge shi a bai-bai, in kuma dole sai ta gaba, a sa farin ƙyallen auduga tsakani. Tsohon ɗankwali ko yankin zanin gado ya wadatar, muddin ba ya zuba.

Shadda auduga ce, tana ɗaukar zafi, amma sheƙinta a saman yadin yake. A masaƙa ake bi da ita ta cikin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi har fuskarta ta yi santsi, kamar irin ta Getzner da ake yi a garin Bludenz na Ostiriya. Abin da ke kashe wannan sheƙi yawancinsa a wanki ne: jiƙo na awanni, omo mai ƙarfi, cuɗa da buroshi, da shanya a tsakiyar rana. A wanke da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, kada jiƙo ya wuce minti goma, a shanya a inuwa a bai-bai. Wajen guga, kada a fesa mata ruwa kai tsaye ta fuska, ɗigon yana barin zobe. A goge ta da sauran danshinta, ta baya tukuna, sannan a bi fuskar sau ɗaya da sauri. Dutse busasshe mai nauyi ya fi mata mai tururi.

Gaskiyar magana kuma, babbar riga ta shadda mai tsada ba ta guga ba ce, ta bugu ce. Masu bugu, irin waɗanda ke gefen marinar Ƙofar Mata a Kano, suna ɗan jiƙa ta, su ninke, su ɗora a kan gungume, su yi ta dukanta da manyan sandunan itace har zaren ya kwanta ya ɗauki sheƙi, babu wuta ko kaɗan. Da wannan hanyar ake fitar da ƙyallin rawani ɗan Kura. Dutse ba zai taɓa ba da irin wannan ba. A bar guga ga kaftanin yau da kullum, rigar Sallah da ta biki a kai bugu. Sharaɗi ɗaya: in rigar tana da duwatsu ko maɓallan da za su fashe, a cire ko a faɗa musu.

Aikin wuya, na hannu ne ko na kwamfuta, ba a hawa kansa da dutse. A shimfiɗa tawul mai kauri, a kifa aikin a kansa, a goge ta baya. Aikin zai nutse cikin tawul ya fito a tashe. Zaren aikin kwamfuta da yawansa roba ne ko siliki na kanti, wutar auduga tana sa shi ya ƙanƙance, sai ka ga wuyan riga ya tattare, a zo ana zargin tela. Haka leshi: ta baya, a kan tawul, wuta ɗigo ɗaya zuwa biyu, in yana da duwatsun da aka manna da gam kuma a yi nesa da su, zafi na narka gam ɗin. Atamfa ta baya ita ma, da danshi, wuta sosai, sai dai mai zanen zinari da aka buga a sama, wadda ke son ƙyalle tsakani.

Hula kuma ba ta shiga wannan layi. Zanna da makamantanta a kai wa masu wankin hula, su sa mata sitaci su ɗora a kan ma'auninta ta bushe. Guga a kwance karya ta take yi.

Injiniya Sabon Gari:

Hajiya, game da sayen dutse, ki duba lambar wat da ke rubuce a gindinsa kafin kuɗinsa. Busasshen dutse na lantarki yawanci wat 1,000 zuwa 1,200 ne, mai tururi kuwa daga 1,600 har 2,400. A gidan da wuta ba ta da ƙarfi, busasshen ya fi amfani. Dalili: zafin da dutse ke bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wuta ke faɗuwa. Wutarmu ta kamata ta zo a bolt 230. In ta sauko 160, zafin da zai fito kusan rabi ne kawai. Mai tururi a wannan hali ba ya iya tafasa ruwan cikinsa, sai ya riƙa ɗigo yana ɓata kaya. Busasshe da 'yar kwalbar fesa ruwa zai yi aikin, ko da a hankali.

Kuɗin wuta bai kai yadda ake tsoro ba. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, dutse kuma ba ya jan wuta a jere; duk lokacin da 'yar fitilarsa ta mutu, ya daina ja. Gugar awa biyu da dutsen wat 1,000 ba za ta kai yunit biyu ba. Ko a farashin Band A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, na naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024, bai kai naira 450 ba. Kunnawa kullum don riga ɗaya ko biyu ne ke da asara, domin kowace safiya sai an biya kuɗin ɗumama ƙarfen daga sanyi.

Ƙaramin janareta mai rubutun 950 ba ya ɗaukar dutse, abin da yake iya bayarwa a tsaye wajen wat 650 ne. Za ki ji kukansa ya canza, in aka dage kuma a ƙona koyil. Inbata ma a yi hattara: dutsen wat 1,000 yana zuƙar sama da amfiya 40 daga batir mai bolt 24, sama da 80 daga mai bolt 12. In da sola a gidan kuma inbatar tana da ƙarfin ɗauka, a yi guga tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, lokacin da rana ke biyan abin da ake ja, ba da dare ba.

A jona shi a soket na bango. Dutsen wat 2,200 yana jan kusan amfiya 10, ƙananan wayoyin jone masu arha kuwa siririyar waya ce a cikinsu, ita ce ke zafi ta narke. In filogi ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, ko aka ji ƙauri, a tsaya. Kada a cire kan filogi a cusa tsiraran wayoyi a soket, domin an zubar da fis mai amfiya 13 da wayar ƙasa ke nan, su ne kuma ke tsakanin mai guga da jan wuta. Wani babban hatsari a garuruwanmu shi ne a ɗauke wuta ana tsakar guga, a tashi a bar dutsen a kife a jone, a dawo da wuta ba kowa a ɗakin. Da an ɗauke, hannu ya fara zuwa filogi kafin komai.

Mai tururi in an riga an saya: ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin ƙasa-ƙasa da ke toshe ramukan. A gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda ba shi da asid. Kada a zuba turare ko sitaci a tankin, a kuma juye ragowar ruwan bayan an gama tun yana da ɗumi.

Hajiya Iya:

'Yata, ki saurari Injiniya, amma kada ki zauna babu dutsen gawayi a gida mai 'yan makaranta huɗu. Ranar Lahadi da yamma in ba wuta, shi ne zai fitar da ke kunya. Kuma ga auduga mai sitaci, nauyinsa ya fi na lantarki aiki.

Masu cewa yana ɓata kaya ba su iya shi ba ne. Ba a hura gawayi a cikin dutse. A hura a kurfoti har ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ƙare, sannan a ɗebo ƙanana masu girman goro a zuba kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na cikinsa. Gawayin itace mai ƙarfi irin na ƙirya ya fi daɗewa, ba ya saurin zama toka. A rufe, a tabbatar zakaran nan na murfi ya kama sosai, domin murfin da ya buɗe a kan riga ya gama da ita. A jira minti biyar, a goge gindin da gefuna da tsumma mai danshi, a gwada a kan tsohon farin ƙyalle. In ya bar launin ƙasa-ƙasa, zafi ya yi yawa, a dangwala gindin a kan jiƙaƙƙen buhu ko tsumma sau biyu. Duk bayan riga biyu ko uku a matsa gefe, nesa da kaya, a fifita ta ramukan toka ta fita, a sake goge gindin. Toka da tartsatsi ta waɗannan ramukan suke faɗowa, su ne ke huda hijabi. Da gawayi jerin yana juyawa: auduga da farko lokacin da yake da zafi, kayan roba a ƙarshe in ya fara sanyi, da ƙyalle tsakani. Kuma a tsakar gida ko baranda ake yi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

Sitacin rogo: cokali biyu zuwa uku na garin a dama da rabin kofi na ruwan sanyi, a sheƙa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ana juyawa kamar za a yi koko, har farin ya washe. A sirka da ruwan sanyi lita uku, a tace da ƙyalle. Wannan zai yi kaftani biyu da wandunansu. Wanda bai dahu ba ko ba a tace ba, shi ne ke barin fari-fari a yadi mai duhu, yana kuma mannewa a gindin dutse. A tsoma kaya a bai-bai, a bari su bushe sarai, sannan a yayyafa ruwa a nannaɗe kamar yadda Malam mai wanki ya ce. Kayan da za a ajiye watanni kada a sa musu sitaci, abincin kyankyaso ne.

Turare kuma bayan guga ake sawa. Mai maiƙo in ya haɗu da zafin dutse, tabon ya zauna ke nan. A gama, a ɗora a kabbasa a turara. Haka duk tabon manja, goro, jini ko zufa a hammata: in bai fita a wanki ba, kada a bi ta kansa da dutse, zafi zai dafa shi a cikin zaren. Shi ya sa maimaita guga a kan rigar da aka riga aka sa yake mayar da kwala rawaya.

Maganar dole kuwa, ba komai ke son guga ba. Tawul guga na kashe masa laushi ya rage shan ruwa. Kayan barci, rigunan roba masu talewa, safa, zanin gadon da aka shanya a miƙe aka ninke da ɗuminsa, duk a bar su. Yara daga shekara goma sha biyu kuma, maza da mata, su koyi goge yunifom ɗinsu ana tsaye a kansu, a fara musu da hankici da wando. Aikin mutum bakwai bai kamata ya zauna a kafaɗar mutum ɗaya ba.

Anti Nas:

Hajiya Iya, a yi mini afuwa, ina da gyara a wuri ɗaya. Akwai kayan da ake gogewa ba don kwalliya ba. Akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, yana yin ƙwai a ƙasa mai yashi da a kan kaya masu danshi, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa, a kan ciyawa ko a inuwa, da waɗanda ke da sauran warin fitsari ko zufa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, tsutsar ta shiga fata in an sa kayan, ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, yaro ya yi ta kuka yana cewa wani abu na motsi. An fi ganinsa da damina, a baya, ɗuwawu da cinya. Zafin dutse yana kashe ƙwan da tsutsar. Saboda haka kayan jarirai, nafkin, kamfai, singileti da zanin gadon yara, in dai a waje aka shanya su, a bi su da dutse ciki da waje, a dage a kan ɗinki da lanƙwasa. Ba sai sun yi kari ba, zafin ake so ya ratsa. A guji hawa kan robar ƙugu kai tsaye don tana saki, a ɗora ƙyalle a danna na ɗan lokaci. Wanda aka shanya a igiya a rana tsantsa har ya bushe sarai hatsarinsa kaɗan ne. In ƙurjin ya riga ya fito, kada a matse da ƙarfi tsutsar ta fashe a ciki. A toshe ramin da man baselin a kai yaron asibiti.

Maman Sadik:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya: gindin dutsen da hijabin ya manne ya yi baƙi, yana jan kaya. Ya gyaru ko a jefar?

Baba Mai Wanki:

Ya gyaru. A kunna shi ya yi ɗumi sosai, a cire daga soket, a kankare robar da gefen katako ko cokalin itace tun tana da laushi, a goge a kan tsohon tawul mai danshi. Abin da ya rage, in gindin farin ƙarfe ne zalla, a barbaɗa gishiri cokali biyu a kan takarda a yi ta gogawa da zafinsa. In mai baƙin shafi ne irin wanda ba ya kama kaya, gishiri zai kankare shafin. A bari ya huce, a kwaɓa bekin soda cokali biyu da ruwa cokali ɗaya, a shafa da tsumma mai laushi, a share, a tsokace ramukan tururi da auduga a tsinke. Wuƙa, reza da soson ƙarfe ba sa zuwa kusa da shi, duk ƙarcen da suka bari zai riƙa jan zaren mayafi. Kafin a koma kan kayan kirki, a yi gugar gwaji a kan tsumma fari har sai ya fito tas.